A Gyara Wa Malami Zama Kafin A Kawo Masa Na'ura

Malam Edita,

Ina roƙon ka ba ni ɗan fili a wannan jarida tamu mai farin jini domin in tofa albarkacin bakina a kan wata magana da ta cika gidajen rediyo, wato maganar shigo da ƙirƙirarriyar basira, abin nan da yara ke kira AI, cikin makarantunmu.

Ni dai ba ɗan boko ba ne. Ilimina bai wuce aji shida na firamare ba, wanda na gama a 1992. Da damina ina noma gero da dawa da ɗan wake, da rani kuma in zauna a 'yar tiredata da ke bakin kasuwa ina sayar da sabulu da sukari da ashana da magi da littattafan rubutu na yara. To amma ina da 'ya'ya biyar a makaranta, kuma akwai wani littafi a hannuna wanda na tabbata babu irinsa a ofishin kowane kwamishina, wato littafin bashin tireda. Wannan littafin shi ya sa na ɗauki biro.

Malam Edita, idan ka buɗe littafin nan, sunayen da suka fi yawa a ciki ba na manoma ba ne, ba kuma na 'yan acaɓa ba, na malaman makaranta ne. Tun wata bai kai goma ba za ka ga malami ya zo bayan magariba, lokacin da ya san mutane sun watse, ya tsaya daga gefe yana ƙasa da murya, ya ce in ba shi omo da sukari da ɗan man gyaɗa in rubuta. Mutumin da da safe yara suka miƙe tsaye suka gaishe shi, shi ne da dare yake jin kunyar haɗa ido da ni. Ban taɓa hana su ba, domin wani malami ne ya koya mini lissafin da nake riƙe littafin da shi. Amma duk lokacin da na ji wani babba a rediyo yana cewa na'ura za ta gyara ilimi, sai in tuna da waɗannan sunaye.

Bari in faɗi yadda abin ya shigo gidana. Babban ɗana, mai shekara 15, yana ƙaramar sakandare. Wani dare na gan shi ya ari wayar yayan abokinsa yana ta kwafar wani abu a littafi, ko ɗaga kai ba ya yi. Na ce, kai, me kake yi? Ya ce, Baba, aikin gida ne. Na ce, to ina littafin da kake dubawa? Sai ya yi dariya ya nuna mini cikin WhatsApp, inda akwai wani abu da ake kira Meta AI, wanda aka buɗe wa 'yan Nijeriya a 2024. Ka rubuta masa tambaya, kafin ka ƙifta ido ya jero maka amsa. Ya ce akwai kuma wani mai suna ChatGPT, wanda wani kamfanin Amurka ya fitar a watan Nuwamba na 2022, shi ne ma ya fara jawo hankalin duniya.

Da na ga haka sai na ce bari in gwada shi da abin da na sani. Na sa yaron ya tambaye shi yadda ake maganin ƙuduji, wato wuta-wutar nan da ke kashe mana gero da dawa. Wallahi ya yi ƙoƙari. Ya ce a riƙa tuge ta kafin ta yi fure ta zubar da iri, a ƙara wa gona takin gida, a kuma riƙa sauya shuka da wake ko waken suya. Duk wannan gaskiya ne, haka muka gani a gona. Daga nan sai na ce a tambaye shi wanda ya kafa garinmu. Nan take, ba tare da wani jinkiri ba, ya kawo sunan wani mutum da shekarar da ya zo, har da inda ya fito. Washegari na je wurin dattawan da ke zama ƙofar gidan mai unguwa na karanta musu. Babu wanda ya taɓa jin wannan suna. Ashe ƙagawa ya yi. Abin da ya fi ba ni tsoro shi ne, da muryar da ya faɗi gaskiyar ƙuduji, da ita ya faɗi ƙaryar tarihi, babu inda-inda. Ni na gane ne domin ina da dattawan da zan tambaya. To yaron da aka bari shi kaɗai da waya fa?

Akwai ƙanen maiɗakina, malamin firamare ne a wani ƙauye da ke gaba da mu, shi na kai wa wannan tambaya. Ya ce, Yaya, ai abin ba aljani ba ne, ba kuma mutum ne a ciki ba. An tara masa rubuce-rubucen mutane ne masu ɗimbin yawa daga intanet da littattafai, ya koyi yadda kalma ke bin kalma, shi ya sa in ka tambaye shi sai ya yi ta jero kalmomin da suka fi dacewa da juna. Inda aka yi rubutu da yawa a kai, sai ya dace. Inda ba a yi ba, kamar tarihin ƙauyenmu, sai ya cike gurbin da abin da ya yi kama da gaskiya. Kuma da yake rubutun Turanci ya fi na Hausa yawa nesa ba kusa ba, ya fi ƙwarewa a Turanci, Hausarsa kuwa wani lokaci sai ka ji kamar ta baƙo. Na ce, Malam, wato kamar yaron shago ne mai baki, wanda ba ya taɓa cewa babu? Ya ce, ƙwarai kuwa, Yaya, shi ya sa dole mai shago ya zauna kusa.

To amma fa kada a ce ina kushe abin. Shi kansa Malam yana amfani da shi, kuma ya ce ya rage masa wahala. Da can yakan kai sha biyun dare yana rubuta shirin darasin gobe da fitilar hannu, domin mai duba makarantu in ya zo shi zai fara nema. Yanzu sai ya sa na'urar ta zayyano masa, shi kuma ya bi ya gyara, ya cire misalan da yaran ƙauye ba su sani ba, ya sa na gero da awaki da kuɗin kasuwa. Haka in zai shirya tambayoyin jarrabawa. Aikin awa biyu ya koma na rabin awa. Wannan alheri ne, ba mai musu.

Sai dai a dubi sauran labarin. Wayar tasa ce, da bashi ya saye ta. Data daga aljihunsa yake saye. Makarantar babu wuta, sai ya kai caji shago ya biya. Wani lokaci sai ya hau kan tudu kafin ya sami sabis. Ajin da yake koyarwa yara sun haura 90, rabinsu a ƙasa suke zaune, alhali tsarin ilimi na ƙasa cewa ya yi malami ɗaya ga yara 35 a firamare. Kuma ranar da wani jami'i ya zo zagaye ya ga yadda Malam ke shirya darasi da waya, maimakon ya ce a taimaka masa da kuɗin data, sai cewa ya yi, ashe ma tunda akwai wannan, mutum ɗaya zai iya riƙe aji biyu. Ka ji fa, Malam Edita. An sami abin da zai sauke wa jaki kaya, sai mai jakin ya ce to a ƙara masa buhu.

A bara, ana tsakiyar zafin bazara, Malam ya yanke jiki ya faɗi a gaban allo, alli a hannunsa. Yara suka fito da gudu suna kuka. A bayan babur muka kai shi asibiti, likita ya auna ya ce hawan jini ne, kuma ya daɗe a jikinsa. Mutumin da bai kai shekara 40 ba. Da likita ya tambaye shi ko yana samun hutu, sai ya yi murmushi kawai. Ina hutu ga wanda zai tashi daga makaranta ya wuce gonar ƙwadago, da yamma ya ɗauki babur ɗin wani ya yi acaɓa, da dare ya zauna duba littattafan yara 90? Sati uku yana kwance. A cikin sati ukun nan ajinsa babu kowa, sai dai a sa babban yaro ya riƙe bulala ya hana surutu. Wayar da ke da AI ɗin tana nan ƙarƙashin matashinsa, ba ta tashi ta je ta koyar da kowa ba.

Wannan shi ne abin da nake so mahukunta su gane. Na ji a rediyo labarin gwajin da aka yi a Jihar Edo a 2024 tare da Bankin Duniya, inda ɗaliban sakandare a birnin Benin suka yi mako shida suna koyon Turanci da irin wannan na'ura bayan an tashi daga makaranta, kuma aka ce sun fi takwarorinsu da ba su shiga ba samun ci gaba sosai. Madalla. Amma a lura, ba a miƙa wa yaran kwamfuta aka juya baya ba. Malamai ne aka horar, suna tsaye a kansu, suna nuna musu irin tambayar da za su yi, suna kuma faɗakar da su cewa na'urar takan yi kuskure. Wato abin da ya yi aiki a can shi ne na'ura tare da malami. Masu son su kawo mana labarin Edo su kawo shi duka, kada su yanke rabin da ya shafi malami su bar shi a hanya.

Ita ma hukumar UNESCO ta Majalisar Ɗinkin Duniya, a shawarar da ta fitar a 2023, cewa ta yi kada a bar yaron da bai kai shekara 13 ba yana amfani da irin waɗannan na'urori shi kaɗai. Hukumar ce kuma ta ce duniya na bukatar ƙarin malamai miliyan 44 kafin 2030, miliyan 15 daga ciki a ƙasashenmu na Afirka kudu da Sahara. To idan waɗanda suka fi mu sanin na'urar suna cewa a ƙaro malamai, mu da ko alli wani lokaci sai hedimasta ya saya da kuɗinsa, mu ne za mu ce na'ura ta wadatar?

Alkawura kuwa malamai sun sha su har sun ƙoshi. A ranar malamai ta duniya, 5 ga Oktoba 2020, gwamnatin marigayi Shugaba Muhammadu Buhari ta yi alkawarin tsarin albashi na musamman ga malamai, a 2022 kuma aka sa hannu a dokar da ta ƙara musu shekarun aiki zuwa 40, ko shekara 65 da haihuwa. Ƙarin shekarun aiki abu ne mai kyau ga mai lafiya da ƙoshi, amma ga wanda ke faɗuwa a gaban allo tun bai kai 40 ba, wa ya ce zai kai 65? A watan Mayu na 2023 aka cire tallafin man fetur, kuɗin mota da na abinci suka yi tashin gwauron zabi. A watan Yuli na 2024 Shugaba Bola Tinubu ya sa hannu a kan mafi ƙarancin albashi na Naira 70,000, alhali a ƙarshen wannan shekarar buhun shinkafa mai kilo 50 ya fi wannan kuɗi, ni ɗan kasuwa ne, na sani. Ko wannan ɗin ma, malaman firamare na Abuja, babban birnin tarayya, sai da suka shafe fiye da wata uku suna yajin aiki a 2025 kafin a saurare su a kansa. Idan haka ta faru a inda fadar gwamnati take, sai a auna yadda na ƙauye yake.

Malam Edita, ina tunawa da lokacin da injin niƙa ya fara zuwa ƙauyenmu muna yara. Kafin nan iyayenmu mata tun asuba suke durƙusawa a kan dutsen niƙa, hannuwansu duk kanta. Da injin ya zo, wasu tsofaffi suka ce tuwonsa ba zai yi daɗi ba, amma ba a daɗe ba kowa ya kai nasa. Injin ya hutar da mata, gaskiya ne. To amma har yau ban ga injin da ya tankaɗe gari ya hura wuta ya tuƙa tuwo ya kaɗa miya ba, balle ya san wane yaro ne bai ci ya ƙoshi ba. Kuma babu magidancin kirki da ya ce tunda injin niƙa ya zo, bari ya rage kuɗin cefane. Haka nake kallon wannan AI. Ta yi niƙa, malami ya yi tuƙi.

Domin akwai abin da malami ke yi wanda ba ya cikin kowace waya. Malamin da ya koyar da ni a aji huɗu, Allah ya jiƙansa, shi ya lura ba na ganin allo daga baya ya dawo da ni gaba. Shi ya taka har gona ya roƙi mahaifina kada ya cire ni daga makaranta a shekarar da aka yi mana rashin amfanin gona. Malami ne ke gane yarinyar da ta zo ba ta karya ba, da yaron da aka doka a gida, da wanda ya iya amma kunya ta hana shi ɗaga hannu. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi, kuma da hannu ake tanƙwarawa. Amma malamin da hankalinsa ke kan bashin tireda da kuɗin magani, ina zai sami natsuwar lura da ɗan wani?

Saboda haka ina kira ga gwamnatocin jihohi da ƙananan hukumomi da hukumomin ilimin bai-ɗaya da su dubi Allah su yi waɗannan abubuwa. Da farko, a biya malami albashinsa cikakke a kan lokaci, tare da ariyas da ƙarin girman da aka daɗe ana riƙe masa, a kuma daina sa tsofaffin malamai jeka-ka-dawo a kan fansho da giratuti. Na biyu, a ɗauki sababbin malamai. Ga masu takardar NCE nan birjik a ƙauyuka suna zaman kashe wando, wasu suna tallan katin waya. Kada a fake da na'ura a ƙi ɗaukar mutane. Na uku, in za a kawo na'urar, malami za a fara ba, a horar da shi lokacin hutu tare da alawus, a sa wa makaranta sola ko da ta caji ce, a kuma ɗauke masa kuɗin data. Ba daidai ba ne mutum ya yi wa gwamnati aiki da wayarsa da kuɗinsa. Na huɗu, lokacin da na'urar ta rage masa, a bar masa shi ya huta ko ya zauna da yaran da aka bari a baya, kada a cike shi da sabon aiki. Kuma kada a mayar da ita abin leƙen asirin malami, yau a ce ya danna yatsa, gobe a ce ya tafi hedikwata tantancewa da kuɗin motarsa. Na biyar, a riƙa tura ma'aikatan lafiya makarantu ko da sau ɗaya a zango su auna jinin malamai. Abin awon nan ba tsada gare shi ba, da an yi haka da wuri, da Malam bai kai ga faɗuwa ba.

Mu ma iyaye muna da namu laifin, kuma gyara kayanka ba ya zama sauke mu raba. Da yawanmu ba mu san ko sunan malamin ɗanmu ba, sai ranar da ya doke shi mu je da faɗa. In an kira taron iyaye da malamai sai mu ce muna gona. Ya kamata mu riƙa leƙawa, mu gaisa, wanda Allah ya hore wa ya aika da ko kwanon gero ne lokacin kaka, kamar yadda iyayenmu suka saba yi wa malaman allo. Sannan mu sa ido a kan yaranmu da waya. Ni dai dokar da na kafa a gidana ita ce, duk abin da yaro ya samo daga na'ura, sai ya rufe littafi ya yi mini bayaninsa da Hausa, da bakinsa. In ya kasa, to bai koya ba, kwafa ya yi, sai ya koma. Ran farko babban nawa ya yi ta kame-kame, yanzu kuwa ya gane cewa ranar jarrabawa babu waya a aljihu. Ko wanda bai yi boko ba zai iya yin wannan, domin ba sai ka iya karatu kake gane mai inda-inda ba.

Ga 'yan'uwana 'yan tireda kuma, na san kasuwa ta yi wuya, jari ya karye, amma don Allah in malami ya zo neman bashi kada mu tozarta shi a gaban yara. Mu rufa masa asiri, Allah ya rufa mana namu.

A ƙarshe, Malam Edita, ba na cikin masu cewa a rufe ƙofa kada sabon abu ya shigo. In kiɗa ya sauya, rawa ma sai ta sauya, kuma ba na so 'ya'yana su tsaya inda na tsaya. Abin da nake cewa kawai shi ne, wanda zai riƙe wa yaranmu wannan na'ura mutum ne mai ciki da iyali da jini a jika. Malam ya warke ya koma aji, yana shan magani kullum, sunansa kuma har yanzu yana cikin littafina. Ranar da na ga na soke sunayen malamai daga littafin nan ba su sake dawowa ba, ranar zan yarda cewa an fara gyaran ilimi da gaske.

Allah ya ba shugabanninmu ikon yin adalci, ya saka wa malamanmu da alheri, ya shirya mana zuriya, ya ba mu damina mai albarka, amin.

Naku a kullum,
Wani manomi ɗan tireda.